Sassaben Zamani a Ƙasar Gobir

Ƙasar Sabon Birni da ta Isa suna gabashin Jihar Sakkwato, daura da Jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar. Ƙasa ce ta tudu da fadama. A tudu ake noma gero da dawa da wake, a fadama kuwa a yi shinkafa da damina, a yi albasa da sauran kayan lambu da rani. Gulbin Bunsuru da na Gagare suna haɗuwa ta wajen Isa su zama Gulbin Rima. Shi kuma Gulbin Maraɗi, wanda ya faro daga ƙasar Katsina, yakan shiga Nijar ya ratsa ta Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, sa'an nan ya komo Nijeriya ya zuba a Rima. A wannan kwari ne Gobirawa suka kafa Alƙalawa, babban birninsu da aka ci a shekarar 1808, wanda har yau kufansa yana nan a ƙasar Sabon Birni. Da Turawan Ingila da na Faransa suka shata iyaka a farkon ƙarni na 20, sai Tsibiri ta faɗa hannun Faransa, Sabon Birni da Isa suka faɗa hannun Ingila. Amma iyakar ba ta raba tsagen fuska ba, ba ta hana auratayya ba, ba ta kuma tare ruwan gulbi ba.

Wannan maƙala labari ce na wani manomi daga wani ƙauye tsakanin Isa da Sabon Birni, da yadda ya tashi tsaye don ya kare itatuwan gonakinsu da bakin gulbinsu. An sakaya sunansa da na ƙauyen, domin a halin da ƙasar take ciki, ambaton suna kaɗai yana iya jawo wa mutum baƙin da bai gayyata ba. Abin da labarin yake nunawa shi ne, itace da ruwa da ƙasar noma ba su tsaruwa sai a hannun wanda ya tabbata cewa amfaninsu nasa ne da na 'ya'yansa.

Yadda daji ya fita daga hannun mutanensa

An haifi wannan manomi wajen lokacin da Nijeriya ta sami mulkin kai. Ya tashi ya tarar kowane abu na ƙasa yana da mai kula da shi. Sarkin noma shi ke da ta cewa a kan gona da gayya, sarkin ruwa shi ke sa ranar da za a shiga tafki su, sarkin baka ya san daji da abin da ke cikinsa, arɗo kuma shi ke magana da yawun masu shanu. Akwai itatuwan da ba a sa musu gatari ko da a gonar wa suka fito, kamar gawo da kuka da tsamiya da kanya. Akwai burtali da aka bar wa dabbobi su bi zuwa mashaya. In an kwashe amfanin gona, shanu su shiga su ci kara da harawa, su bar wa mai gona taki, wani lokaci ma har manomi ya ba da damin gero don a yi masa zaman taki. Ba wai ba a faɗa a wancan zamani ba. Ana yi, har a fasa kai. Sai dai akwai zauren da ake kai ƙara, akwai kuma wanda in ya yanke magana ta yanku.

Abubuwa da dama suka taru suka kwance wannan tsari. Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974, da wanda ya biyo baya a 1984, sun kashe dabbobi da itatuwa, sun kuma tilasta wa talaka ya sari ice ya kai kasuwa don ya sami abin sa wa bakin salati. Jama'a ta ƙaru, gonaki suka cinye saura, daga nan suka soma cin burtali. Garmar shanu ta yawaita, ita kuwa ba ta son kututture a gabanta, saboda haka gonar da aka share ƙal ita ce ta zama gonar manomin kirki. Bugu da ƙari, tun zamanin En'e dokar gandun daji ta mai da manyan dazuzzuka da waɗansu itatuwa na hukuma, ba a taɓa su sai da takarda. Nufin dokar kiyayewa ne, amma abin da manomi ya fahimta daban. Ya ga cewa in ya bar ɗan itace ya girma a gonarsa, gobe yana iya biyan tara a kan reshensa. Don haka sai ya riƙa kashe shi tun yana tsiro. Shi kansa wannan manomi shekara talatin ya yi yana haka: kowace bazara ya bi gona da adda, ya sassabe sabara da kalgo da geza, ya tara ya cinna musu wuta.

Dajin Gundumi, wanda ke yamma da Isa a kan hanyar Sakkwato, ya isa misali. A ƙarni na 19, sa'ad da ake yaƙi tsakanin Gobirawa da Daular Sakkwato, ayari ba ya ratsa shi sai da shiri da gaggawa. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ƙetare shi a 1853 da tafiyar dare da rana, kafin ya iske Sarkin Musulmi Aliyu Babba a Gawasu. Da zaman lafiya ya samu, dajin ya koma wurin kiwo da farauta da neman zuma da magani. Daga baya ya zama gandun hukuma, watau ba na manomi ba, ba na makiyayi ba, ma'aikatan da aka ɗora wa tsaronsa kuwa ba su da yawan da za su kewaye shi. A 'yan shekarun nan ya sake komawa hannun masu makami. Ba mai hankalin da zai ce saran itace kaɗai ya haifi 'yan bindiga. Akwai satar shanu, da rashin adalci a wurin shari'a, da yawaitar makamai, da ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da mazauna ruga. Amma masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagewar farko a kan gona da burtali da mashaya ta auku.

Gudun hijira da abin da ya gani

Tun daga 2019 dubban mutanen Sabon Birni da Isa suka riƙa ƙetarawa Jihar Maraɗi. Waɗansu Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta zaunar da su a wurare kamar Garin Kaka da Cadakori, da yawa kuwa gidajen dangi suka sauka. A ƙarshen watan Mayu na 2020 aka kai hari a ƙauyuka da dama na Sabon Birni, aka kashe mutum fiye da 70. Bayan wannan ne manomin ya kwashi iyalinsa ya nufi wurin wani taubashinsa a ƙasar Tsibiri.

Ya sha zuwa wannan gari biki da ta'aziyya, amma bai taɓa yin damina a can ba. Da suka fita gona ya ga itatuwa tsaye jefi-jefi a tsakiyar shuka, manya da ƙanana, sai wasan taubasai ya motsa, ya ce, "Kai taubashi, wagga gona ta ko sabra ta? Ko ƙarfin sassabe ya ƙare maka?"

Taubashin ya yi murmushi ya ce, "Bari kaka ta yi, ka ƙilga dammai, kana ka yi man dariya."

Abin da ya gani shi ne abin da mutanen Maraɗi suke kira sassaben zamani. Hanyar ba ta da wuya. Itacen da aka sare shekara da shekaru, in dai ba a tumɓuke shi ba, saiwarsa tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa yake tohowa kowace shekara. Maimakon manomi ya share tohon duka, sai ya zaɓi rassa uku zuwa biyar mafiya ƙarfi da miƙewa ya bari, ya datse sauran, ya kuma rage ƙananan rassan gefe da wuƙa mai kaifi. Tun da saiwar ta riga ta yi zurfi, tohon yakan girma da saurin da dashe ba ya yi, ba ya kuma bukatar ban-ruwa. A shekara ta biyu ko ta uku a sare reshe ɗaya a yi makamashi, a bar wani sabo ya maye gurbinsa.

Wannan aiki yana da tarihi sananne. A 1983 wani ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke aikin raya karkara a Maraɗi, ya lura cewa ƙananan kurmin da ake gani a gonaki tohon tsofaffin itatuwa ne. A yunwar 1984 aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin itatuwa a gona a ƙauyuka kusan 100. Da abincin ya ƙare, yawancin manoma suka koma suka sare nasu. Amma 'yan kaɗan da suka bari suka ga amfanin abin, maƙwabta suka gani, daga nan ya bazu daga gona zuwa gona ba tare da wani ya biya kowa ba. A ƙasar Damagaram ma manoma sun rayar da gawo bisa sanin da suka gada, har ana ba da labarin yadda Sarkin Damagaram Tanimu ya tsananta hukunci a kan mai saran gawo tun a ƙarni na 19. Abin da ya ƙarfafa gwiwar manoma shi ne sassaucin da aka samu wajen hukuma: dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 sun buɗe ƙofar a san cewa manomi yana da haƙƙi a kan itacen da ya rena. A ƙauyen Ɗan Saga na ƙasar Agye, mutane suka kafa kwamitin tsaron itatuwa da ya ƙunshi maza da mata da makiyaya, suka sa tara a kan mai sara ba da izini ba. Masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan, bayan sun gwada hotunan sama na da da na baya, sun ƙiyasta a 2009 cewa ƙasar da ta farfaɗo a Nijar ta kai hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200.

Manomin bai san waɗannan alƙaluma ba. Abin da ya sani shi ne abin da idonsa ya gani cikin damina biyu, gani kuwa ya kori ji. Ya ga iskar farkon damina, wadda a gida takan binne shuka da rairayi har a sake iri sau biyu ko uku, tana karyewa a jikin itatuwa. Ya ga gero ya fi kauri a gindin gawo, domin shi gawo da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa shuka inuwa, sa'an nan ya yi kore da rani, dabbobi su taru ƙarƙashinsa suna cin 'ya'yansa suna zuba taki. Abin da ya fi tsaya masa a rai kuwa shi ne, matan gidan ba su zuwa daji neman ice. Daga gonar mijinsu suke ɗaurowa.

Komawa gida

A 2022 ya komo ƙauyensu, ba don lafiya ta samu ba, sai don zaman cin arzikin wani ya ishe shi. Ya tarar gonakin nesa sun gagara zuwa, na kusa ma a wurare da yawa sai an biya 'yan bindiga kuɗin da suka ɗora kafin a yi shuka ko girbi. Ya kuma tarar da wata ɓarna da ba a cika maganarta ba. Tun da daji ya zama wurin da mace ba ta shiga ta fito lafiya, sai gatari ya juyo kan itatuwan bakin gari da na bakin gulbi. Masu gawayi suka gama da ƙirya da marke, aka shiga tsamiya da kanya, waɗanda a da ko yaro ya san ba a taɓa su.

Bazarar farko ya bar toho a gonarsa, aka yi ta yi masa ba'a, ana cewa ya koyo lalaci a ƙasar Faransa. Kafin kaka, rabin abin da ya bari an sare da dare. Nan ya gane cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ya tafi wurin mai gari ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka shi daɗe, ba kuɗi nika roƙo ba, ba kuma iri ba. Roƙona a tara mutane a yi magana guda bisa iccen gona."

Da aka taru, ba a rasa masu suka ba, kuma sukarsu tana da tushe. Wani ya ce itace yana tara tsuntsu, tsuntsu kuwa abokin gabar gero ne. Wani ya ce a wannan zamani duhuwa kusa da gari maɓoyar ɓarawo ce. Wani ya ce ko an rena, masu shanu za su zo su sassare wa dabbobinsu. Manomin ya amsa da abin da ya gani. Ya ce itacen da aka datse ya miƙe a kan ƙafa ɗaya ba ya ɓoye mutum, ana hango ƙarshen gona ta ƙarƙashinsa. Saurar da aka ƙaurace wa ita ce ke zama duhuwa. Game da tsuntsu ya yarda akwai hasara, sai dai rage rassa da damina yana rage ta, kuma ba ta kai hasarar sake iri sau uku ba. Wata dattijuwa da ke magana da yawun mata ita ta kashe gardamar. Ta ce, "Ku maza kuna lissafin dammai. Mu ɗiyanmu mata muka lissafi, waɗanda ka fita neman icce tun da safe, ba mu san ko su komo ba."

Maganar makiyaya ita ta fi nauyi, domin shekarun tashin hankali sun sa kowa yana zargin kowa, alhali akwai masu shanu da dama da su ma an kore musu garke, an kashe musu dangi. Manomin ya nace a kira dattijon 'yan rugar da suka rage kusa da gari, ya ce yarjejeniyar da aka ƙulla ba da mai shanu ba, ranar da aka ƙulla ta ta warware. Aka kira shi, aka daidaita a kan abu huɗu. Itacen da mutum ya rena a gonarsa nasa ne, ba mai sara sai da izninsa. Bayan girbi dabbobi su shiga su ci 'ya'yan gawo da kara, a kakkaɓe musu amma ba a sare kan itace ba. Burtalin da ya rage zuwa mashaya ba za a ƙara matse shi ba. Itatuwan gaɓar gulbi kuwa an haramta wa kowa, har mai gari.

Sharaɗin ƙarshe yana da dalili. Tudu da fadama ɗaure suke da juna. In tudu ya zama fili, ruwan sama ba ya tsayawa ya nutse, sai ya kwaranya da ƙarfi ya tsaga kwazazzabai, ya kwaso rairayi ya cike tafki da gulbi. Gulbin da ya cike ba ya riƙe ruwa: da damina ya yi ambaliya ya ci shinkafa, da rani ya ƙafe da wuri, mai lambu ya yi ta ƙara zurfin rijiya. Gaskiya ne akwai abin da ya fi ƙarfin ƙauye. Madatsar Jibiya da aka gina a ƙasar Katsina ta rage ruwan da ke bin Gulbin Maraɗi, ko da yake Nijeriya da Nijar sun sa hannu a Maiduguri a 1990 a kan yadda za su raba ruwan da suka yi tarayya a kansa. Mutanen ƙauye ba su da iko a kan ƙofar madatsa. Amma gaɓar da ke bayan gidajensu tana hannunsu.

Abin da aka samu da abin da ya rage

Kada mai karatu ya zaci ƙauyen ya zama kurmi. Gidaje kaɗan ne suka bi, tohon da aka bari bai daɗe da wuce tsayin mutum ba, kuma ana karya yarjejeniyar a gyara. Tsoro bai gushe ba. A watan Agusta na 2024 'yan bindiga suka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, bayan sun yi garkuwa da shi. Ƙasar da basarake bai tsira ba, ina ga talaka mai adda? Sassaben zamani ba zai maye gurbin tsaro da adalcin da ke wuyan hukuma ba. Wanda aka kora daga gonarsa ba ya renon itace.

Duk da haka akwai darasi ga masu tsara manufofi. Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Koriyar Ganuwa a 2007, Nijeriya ta kafa hukumarsa a 2015, Sakkwato kuwa tana cikin jihohi 11 da shirin ya shafa. Dashe yana da amfaninsa, amma sau da yawa akan dasa a ɗauki hoto a watse, rani ya zo akuya da ƙishirwa su gama da shi, domin ba na kowa ba ne. Kututturen da ke gonar manomi ba ya bukatar mota ko tankin ruwa. Abin da yake bukata a wajen hukuma shi ne tabbaci a rubuce cewa wanda ya rena shi ne mai shi, da kuma amincewa da yarjejeniyar da ƙauye ya ƙulla, yadda in an kai mai laifi gaban hakimi ko alƙali ba za a ce maganar banza ce ba.

Akwai kuma abin da ya shafi ɗaliban Hausa kai tsaye. Sanin da ake bukata don wannan aiki a cikin harshe yake ajiye. Dattijon Gobir ya san wane itace ke tohowa bayan sara da wanda ba ya yi, ya san inda tsohon burtali ya bi, ya san ka'idojin su da na zaman taki. Sunayen garuruwa kansu shaida ne na itatuwan da suka taɓa tsayawa a wurin, ga Ɗan Aduwa nan a ƙasar Sabon Birni. Waɗannan dattawa suna ƙarewa, waɗansu a gudun hijira, yaran da suka tashi a sansani kuwa ba su iya bambanta geza da sabara ba. Ɗalibin da ya zauna da su ya rubuta sunayen itatuwa da amfaninsu da dokokin gargajiya na gona da ruwa, a cikin karin harshensu, ya yi aikin nazarin harshe, ya kuma ajiye wa mutanen Sabon Birni da Isa abin da za su dogara da shi ranar da za su koma gonakinsu na nesa. Allah Ya kawo wannan rana da gaggawa, amin.